Shekarar da Aka Zuba Kananzir a Tandun Baba

Na san abin da kuka taso kuna ji a kaina, ko da yake ba wanda ya taɓa iya faɗa mini a gaban idona. An ce muku ni, Iro mai garwa, na ƙwace aiki daga hannun mahaifina, na bar tsoho da kaya jibge a zaure yana kallo. 'Ya'yan yayata Dije sun faɗa wa nasu 'ya'yan, su kuma sun faɗa muku a wajen biki da suna. Ban taɓa musawa ba. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ido kuma ya fara gani dishi-dishi, na ga gara in sa a rubuce yadda abin ya faru, domin duk wanda maganar za ta kunyata ya riga mu gidan gaskiya.

Mahaifina Malam Audu tandu yake yi, kamar ubansa da kakansa. Ku da kuka buɗe ido kuka ga jarka ba lallai ku san tandu ba. Fatar sa ko ta raƙumi ake jiƙawa, a kankare ta har ta yi laushi, a gina siffar tulu da yumɓu, a bi ta da fatar nan falle bisa falle ana dannawa da babban yatsa. In ta bushe a fasa yumɓun a zazzage, sai ka ga abin zuba mai wanda ko daga bayan jaki ya faɗo ba ya fashewa. A cikinsa ake ɗaukar man shanu da man gyaɗa da man kifi, na ci da na kunna fitilar aci-balbal. Gidanmu kullum warin jiƙaƙƙiyar fata yake, har yaran unguwa kan toshe hanci in za su wuce ƙofarmu, amma iyayensu kan zo layi ranar kasuwar Haɗejiya. Matan Fulani daga can wajen Baturiya ba sa sayen tandun kowa sai na Baba. In ya gama aiki yakan ɗumama man gyaɗa ya cika shi, ya ɗora a kan farin ƙyalle har washegari. In ƙyallen ya tashi fes, to ya fito kasuwa. Tun da ya fara sana'a ba a taɓa dawo masa da tandu an ce ya yi yoyo ba, kuma wannan magana ita ce dukiyarsa, ya fi ji da ita fiye da rigar sallarsa.

Sai jirgin ƙasa ya iso Malam Madori, kananzir ya biyo shi a garewani. Garwa kuwa ba ta da nauyi, tana da mariƙi, ana jera ta ta zauna daram a kan 'yar'uwarta. In kananzir ya ƙare mata su wanke ta da toka su ɗebi ruwa, masu mai su zuba man gyaɗa, mai gini ya buɗe ta ya yi ƙyaure. Kafin mu ankara, rabin masu sayen tandu sun koma garwa. Ni a lokacin na yi aure, na ga fata ba za ta ciyar da gida biyu ba, sai na je tashar jirgi na koyi liƙin garwa wajen wani Bayarabe, na dawo na kafa rumfa a bakin kasuwa da gawayina da dalmata ta liƙi. Baba bai hana ni ba, amma bai bar ni na huta ba. In na shigo gaisuwa da safe sai ya dubi mahaifiyata ya ce:

"Ga maƙerin gwangwanin nan ya iso. Ki ba shi kunu da yawa, bin juji akwai gajiya."

Inna takan yi dariya ta ce, "Malam, ka bar yaron nan, gwangwanin ne ya sayo gishirin da ke cikin miyarka."

A rumfar nan na koyi wani abu da ba a koya a zauren Baba. Garwar da ta riƙe ruwa ba lallai ta riƙe kananzir ba. Kananzir ba shi da kauri, ramin da bakin allura ba zai shiga ba shi sai ya bi ya fita, kuma ba ya ɗiga a gani, tsattsafowa yake a hankali kamar gumi. Saboda haka in na liƙe garwa nakan fara danna ta cikin ruwa in duba kumfa, sannan in zuba mata kananzir kaɗan, in shafe gaɓoɓinta da busasshiyar toka in ajiye. Duk inda tokar ta yi baƙi, nan ɓarakar take. Sau da yawa na ga garwar da ta ci jarrabawar ruwa ta faɗi ta toka.

Da yaƙin Turawa na biyu ya yi zafi, sabuwar garwa ta daina zuwa. Aka ce ƙarfen ya tafi wajen yaƙi. Ɗan kananzir ɗin da ake samu sai ya riƙa zuwa a manyan duro, waɗanda sai ƙarti huɗu suke mirginawa. A wata damina cikin shekarun nan kogi ya cika ya batse, ya malale fadama, hanyar Guri ta yanke, jaki bai isa ya bi ba, balle mota. Akwai wani ɗan kasuwa, Bukar mai kananzir, wanda shi ke kai wa mutanen can nasu rabon, har da na ɗakin shan magani. Ga duro a hannunsa, ga ruwa a gabansa, duro kuma ba ya shiga kwalekwale. Ya zagaya kasuwa neman garwa bai samu mai lafiya ba. Ran nan da hantsi ina zauren Baba sai ga shi ya yi sallama, ya tsuguna ya gaishe shi.

"Baba Audu, wurinka na zo. Abin da iyayenmu suka yi shi za mu koma. Manyan tandaye nake so guda ashirin, waɗanda za su kai mai Guri ta ruwa."

Baba ya gyara zama, ya ɗan saci kallona ta wutsiyar ido, ya ce, "Bukar, ashe garwar ta gaji?"

"Ta gudu ta bar mu, Baba."

"To, fata ba ta gudu. Ka dawo bayan kasuwa uku."

Ban taɓa ganin gidanmu kamar a kwanakin nan ba. Mutumin da ya shekara goma yana yin ƙananan tandaye na kwalli da na turare don kada hannu ya mutu, sai ga shi ya tashi kamar saurayi. Ya aika aka sayo fatu, ya sa aka haƙo yumɓu, Yaya Dije ta bar gidan mijinta kullum tana zuwa taya kankara. Dije ita ce babbarmu, kuma ita ta gaji hannun Baba da zafin zuciyarsa, da namiji ce da ita za ta riƙe zauren. Inna tana daka tana waƙa. Maƙwabta suna leƙowa suna cewa ashe dai tsohon hannu bai mutu ba. Baba ya riƙa jera tandayen a jikin bango yayin da suke bushewa, manya, jajaye, wuyansu da zane, wallahi ban taɓa ganin aiki mai kyan wannan ba. Kowanne ya cika shi da man gyaɗa mai ɗumi, ya ɗora a farin ƙyalle, kowanne ƙyallensa ya tashi fes.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Man gyaɗa daban, kananzir daban, kuma Baba bai taɓa riƙe kananzir a abin da ya wuce kwalbar fitila ba. Abin da ya ƙara hana ni sukuni shi ne wanda zai tuƙa kayan. Kawu Jibo ne, ƙanen Inna, masunci daga Auyo, shi da 'ya'yansa biyu. Na san masunta, na yi tafiya da su. Ba sa shiga ruwa sai da kaskon garwashi a tsakiyar kwalekwale, a nan suke gasa kifi, a nan suke kunna taba, kuma ko Sarkin Ruwa bai isa ya raba su da shi ba. Tafiyar kwanaki ce cikin rana, ana ratsa ciyayi. Na riƙa hango mai yana taruwa a ƙasan jirgi yana bin katako a hankali har ya iso gindin kaskon nan.

Na roƙi Inna ta ba ni tandu ɗaya daga layin, na ce zan auna bakinsa in yi masa marfi. Na kai shi bayan rumfata, na cika da kananzir, na shafe jikinsa da toka, na rufe da tabarma. Rana ta farko tokar tana nan fara tas. Na yi hamdala, na ce Allah ya sa ni ne wawa. Rana ta biyu ma haka, har na sayi tsire don murna. A rana ta uku da na ɗaga tabarmar sai na ga baƙin zobe ya kewaye wuyan, wani layi kuma ya gangaro ta inda fallayen fata suka haɗu. Na danna da yatsa, wurin ya yi laushi. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta jiƙe kamar faɗin tafin hannu. Na daɗe a tsugune a wurin, har wata mata da ta kawo gyaran buta ta gaji da sallama ta tafi.

Da na je wurin Bukar kai tsaye, da kafin la'asar kasuwa duka ta ji cewa tandun Audu ya yi yoyo. Da na yi shiru kuma, to ran kawuna da 'ya'yansa na kan ruwa. Sai na naɗe tandun a tabarma, na jira lokacin da Dije ta tafi kai wa mijinta abinci, na shiga zaure na ja asabari. Na ajiye a gaban Baba na buɗe. Ya dubi tokar, ya dube ni.

"Mene ne wannan ƙazantar ka shafa wa aikina?"

"Toka ce, Baba. Da ita muke gwada garwa. Inda ta yi baƙi, mai ne yake fita."

"Muke gwadawa! Ku su wa? Ka rasa inda za ka kai tokarka sai jikin tanduna? Tun ba a haife ka ba nake cika tandu da mai."

"Gaskiya ne, Baba. Amma wannan man ba irin wancan ba ne. Kuma Kawu da kaskonsa zai shiga jirgi."

Ya sa babban yatsansa ya murza layin nan, ya kai hanci ya shinshina. Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba:

"Tashi ka ba ni wuri."

Kwana uku ban ga fuskarsa ba, in na zo gaisuwa sai Inna ta ce yana ciki. Daga baya ita ta gaya mini abin da ya yi. Ya zaɓi wanda ya fi kowanne kauri a cikin tandayen, ya aiki kansa ya sayo kananzir a kwalabe, ya ɗebi toka a murhunta da hannunsa, ya kai ɗakinsa ya rufe. Bai yarda da gwajina ba sai da ya yi nasa, kuma ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan yi. A rana ta huɗu ya sa babbar riga, ya ɗauki sandarsa, ya tafi rumfar Bukar da ƙafarsa. Mutane na zaune. Abin da ya faɗa bai wuce wannan ba:

"Bukar, ba zan ba ka tandayen nan ba. Ka je wurin Iro ya yi maka garwa."

Bukar ya yi juyin duniya ya ji dalili, Baba ya juya ya tafi. Ku duba fa, aikin da ya jira shekara goma, ga shi a gama, a jere, ba wanda ya san aibinsa sai mu biyu, kuma da ya miƙa shi ba mai cewa uffan sai bayan jirgi ya yi nisa. Ya taka da kansa ya mayar. Mutumin da kuka fito daga tsatsonsa ke nan.

Sai aiki ya dawo kaina, ga shi babu garwa a gari. Na bi gida gida ina sallama, ina roƙon mata su ba ni tsofaffin garewanin da suka huje, in ba su tulu a madadi. Na ciro wata daga rufin akurkin kaji, na karɓo wata wajen mai ƙosai, na samo uku a bayan tashar jirgi sun yi tsatsa. Wadda gindinta ya ruɓe in yanke gindin wata in ɗora mata. Dalma ta yi wuya, na riƙa kankaro tsohuwa daga gwangwanayen da suka mutu ina narkarwa. Matata, kakarku Hajara, ita ke hura mini wuta, tana mitar cewa ta auri maƙeri ta koma mai zuga wuta. Yatsuna duk suka ƙone. Kowace garwa na kai ta bakin kogi na danna, na dawo na shafe ta da toka na ba ta kwana uku cur, ko da Bukar yana tsaye a kaina yana cewa ruwa zai janye kafin in gama. Wadda ta yi baƙi ko ɗigo ɗaya na sake ta. Da na kammala, garewanin nan ba kyan gani, faci a kan faci kamar wandon almuru, amma na san abin da na liƙa.

Kafin jirgin Kawu ya bar gaɓa magana ta riga ta zagaye gari. Mutane sun ga tandaye a jere a zauren tsoho, sun ga garewani suna fita daga rumfar ɗansa, sai suka haɗa da kansu. Aka ce na zagaya ta bayan gida na rage wa Bukar farashi. Aka ce na matsa wa Baba har ya haƙura ya bar mini. Wasu dattawa suka daina amsa gaisuwata da baki, sai da ka. Yaya Dije kuwa har rumfa ta same ni, ranar kasuwa, jama'a na kallo.

"Iro, kai ɗan halak ne kuwa? Uban da ya haife ka! Sau ɗaya Allah ya dawo masa da rana, shi ne ka sa hannu ka tare? Fatar yatsuna ta saluɓe a kan aikin nan!"

"Yaya, ki yi haƙuri."

"Haƙurin me? Faɗa mini dalili in ji. Buɗe baki ka faɗa!"

Dalilin yana kan harshena. Na dubi mutanen da suka kewaye mu, har da matan Fulani biyu riƙe da tandayen Baba a hannu, sai na sunkuyar da kai na ci gaba da goge ƙarfena. Ta tofar da yawu a gefen rumfar ta tafi.

Bayan kwanaki Kawu Jibo ya dawo lafiya da 'ya'yansa. Ya ce an sauke kaya a Guri ƙasan jirgi a bushe, ko warin mai babu, har ma'aikacin ɗakin magani ya tambayi wane ne ya yi facin nan. Ya kawo wa Inna bandar kifi, wanda ya ce a kaskonsa ya gasa wasunsu a hanya, yana ta dariya, bai san komai ba. Ranar da yamma, bayan la'asar, Baba ya aika a kira ni. Na same shi shi kaɗai a zaure. Rabon da ya dube ni ido cikin ido tun ranar tokar nan.

"Na ji abin da ake faɗa a kanka," ya ce.

"Ba komai, Baba."

"Da komai. Kalma ɗaya zan yi a masallaci a wanke ka. Na yi niyya sau uku, Iro, in na miƙe sai bakin ya ƙi." Ya murza gefen tabarma. "Ba ni da gona, ba ni da shanu. Sunan nan kaɗai na tara. Kai yaro ne, kana da lokacin yin wani. Za ka iya ɗaukar mini wannan?"

Ban taɓa jin Baba ya roƙi wani abu wurin mutum ba, ko ruwan sha cewa yake a kawo. Na ce:

"Zan iya, Baba."

Ya ce, "Har Dije."

Na ce, "Har Yaya."

Tandayen nan ashirin, ban da biyun da kananzir ya taɓa, ba su yi asara ba. A hankali masu man shanu da fatake suka saye su ɗaya bayan ɗaya, suka yi aikin da aka san tandu da shi, ba wanda ya dawo. Baba ya ƙara shekara tara a duniya yana zaune a zaurensa ana zuwa gaishe shi da sunan gwani, kuma da wannan suna aka binne shi. Ni ma sana'ata ta yi albarka, garewanina sun je Guri sun je Nguru, da su na gina gidan da kuke ciki, na aurar da iyayenku.

Abin da ya ci mini rai Yaya Dije ce. Ta shekara talatin da wani abu bayan wannan, muna gari ɗaya. In na aika mata da abin salla sai ta mayar. In mun haɗu a gidan suna sai ta gaisa da Hajara ta tsallake ni. Bayan rasuwar Baba na yi tunanin in je in faɗa mata, sai na tuna bai ce in riƙe zuwa ranar mutuwarsa kawai ba, cewa ya yi har Dije. Kuma na san ita ma sunan nan take rayuwa da shi, kullum tana faɗa wa 'ya'yanta cewa aikin ubanta bai taɓa kasawa ba. Da ta kwanta ciwon ajali na je na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, ta ce a gaya mini ta yafe, amma ba ta manta ba. Na ce a gaya mata na gode. Ni na shiga kabarinta na karɓe ta.

Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi. Amma kada ɗayanku ya karanta wannan ya ce an zalunce ni. Ubana ya tambaye ni ko zan iya, na ce zan iya, kuma na iya.